Inshorar jirgin ruwa mai tafiya da iska: wacce ya kamata a ɗauka?

Sabon Matuƙi: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Jirgin ruwa ne da nake shirin saya, mai tafiya da iska, jikin faiba (roba mai haɗe da zaren gilashi), tsawonsa mita 10, ƙirar 1998, da ƙaramin injin dizal a cikinsa. Kuɗinsa fam 30,000, yana ajiye a wata tasha a kudancin Ingila. Kamfanoni biyu sun ba da farashin cikakkiyar inshora, ɗaya fam 340 a shekara, ɗayan fam 520. Akwai kuma ta fam 90 wadda ɓarnar da aka yi wa wasu kaɗai take biya. Niyya ita ce a yi bana ana yawo a gaɓar Ingila, baɗi kuma a tsallaka Sifen. Wacce ta fi?

Dillaliyar Inshora: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye farashin a gefe tukuna, ka buɗe takardun biyu ka nemo layin da ya faɗi yadda za su ƙiyasta jirgin idan ya salwanta gaba ɗaya. Hanya biyu ce. Ko dai ƙimar da aka daddale tun ranar sa hannu, wato an rubuta fam 30,000 kuma ita za a biya idan ya nutse ko ya ƙone ƙurmus, ko kuma farashin kasuwa a ranar asarar. A ta biyun, kamfani ne zai turo mutuminsa ya duba nawa ake sayar da ire-irensa, ya cire tsufan injin da na filafilai (ƙyallayen da iska ke turawa), ya ce maka fam 21,000 misali. A lokacin jirgin yana ƙarƙashin teku, ba ka da abin nunawa ka musa. Galibi tazarar 340 da 520 daga nan take farawa. Dokar inshorar teku ta Birtaniya ta 1906 ta amince da daddalalliyar ƙima, kuma sashe na 27 ya ce ita ce abin dogaro tsakanin ɓangarorin biyu matuƙar babu zamba.

Abu na biyu, kason da kai za ka fara ɗauka daga aljihunka a kowace asara. Wani kamfani yakan sauke kuɗin shekara ya ɗaga wannan kason. Ka duba ko adadi ɗaya ne ga komai, ko kuwa jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, da wayoyinsa suna da nasu dabam mai tsada.

Sabon Matuƙi: Na gode Hajiya. Na duba yanzu. Ta 340 farashin kasuwa ce, kasona fam 500. Ta 520 daddalalliya ce, kasona fam 300.

Tsohon Kyaftin: Ni ra'ayina dabam ne. Jirgi ɗan shekara ashirin da ɗoriya, duk abin da zai lalace a cikinsa tsufa ne zai jawo shi, tsufa kuwa babu inshorar da ke biyansa. Ya ɗauki ta fam 90, ragowar kuɗin ya zuba su a sababbin wayoyi da tiyo da famfo. Jirgin da ake kula da shi ba kasafai yake nutsewa ba. Abin da zai iya talauta mutum shi ne ya bugi jirgin miliyoyi a cikin tasha, ko baƙonsa ya ji mummunan rauni, kuma wannan ƙaramar inshorar ta tsaya masa.

Dillaliyar Inshora: Baba Kyaftin, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Inshorar haƙƙin wasu ita ce ba a wasa da ita, tashoshin Ingila ma yawancinsu ba sa ba ka wuri sai ka nuna ta fam miliyan 2 ko 3. Amma shawarar ta dace ne da jirgin fam 5,000, wanda idan ya tafi mai shi zai yi haƙuri ya ci gaba da rayuwa. Fam 30,000 ba kowa ke iya yafe su ba. Sannan gobara daga jirgin maƙwabci, ko guguwar hunturu ta kayar da shi daga kan turakunsa a tudu, ko tsawa ta ƙone kayan lantarki, duk babu ruwansu da kulawar mai jirgi.

Kuma ko ta fam 90 ɗin zai ɗauka, sai ya tabbatar akwai kwashe gawar jirgi a ciki. Idan jirgi ya nutse a bakin tasha, hukumar tashar tana da ikon ta tilasta maka fid da shi, ko ta fid da shi ta aiko maka da lissafi: masu nutso, jakunkunan iska na ɗagawa, kuren (injin ɗaga kaya), tsane dizal da ya malala, da kuɗin zubar da faibar. Lissafin nan kan zarce kuɗin jirgin kansa. Wasu ƙananan inshorori ba sa sa shi sam, wasu suna sa masa rufi ƙanƙani.

Injiniyan Jirage: Bari in shiga ta inda Kyaftin ya taɓo, domin nan ne yawancin da'awowi ke mutuwa. Gaskiya ne ba a biyan tsufa da tsatsa da lalacewar sannu a hankali, sashe na 55 na waccan doka ta 1906 ma ya ambaci lalacewar tsufa, har da ɓarnar ɓera. Tambayar ita ce: idan ƙaramin abu ya tsufa ya karye, ya jawo babbar ɓarna, za su biya babbar ko kuwa za su ce duk tsufa ne? Takarda mai kyau takan ce ba za ta biya abin da ya ruɓe ba, amma za ta biya abin da ruɓewar ta haifar. Mara kyau takan cire duka biyun a jimla ɗaya. Ka nemo wannan jimlar ka karanta ta sau uku.

Ga yadda abin yake faruwa. A ƙasan jirgi irin wannan akwai ramuka biyar zuwa takwas da ruwa ke shiga ko fita: na sanyaya injin, na banɗaki biyu, na wurin wanke-wanke, na na'urar auna gudu. Kowanne yana da bawul. Jirage da yawa na wancan zamani an sa musu bawul na gamin tagulla da zinki. Ruwan gishiri yana tsotse zinkin a hankali, ƙarfen ya koma ja-ja kamar hoda, ya yi laushi, a waje kuwa yana nan kamar lafiyayye. Ka kankare shi da wuƙa: idan ka ga ruwan ɗorawa mai ƙyalli yana da sauran rai, idan ka ga ja ko ruwan hoda, ranar nan za a cire shi. A maye shi da gamin tagulla da kuza ko na roba mai ƙarfi da aka yi don teku, kowane tiyo a ɗaure shi da kilif biyu, a rataye turun katako kusa da kowane rami. Ramin da faɗinsa ya kai inci ɗaya da rabi, rabin mita ƙasa da ruwa, yana shigo da ruwan da ƙaramin famfon lantarki ba zai iya kwashewa ba, batir kuma yana mutuwa da zarar ruwa ya rufe shi. Shi ya sa jirage da yawa a ɗaure suke nutsewa, cikin dare, babu kowa a ciki.

Jigo kuma wayoyi ne ke riƙe da shi, na ƙarfe mara tsatsa mai sili 19. Ba a tsakiya suke tsinkewa ba, a bakin matsewar ƙasa ne inda ruwa ke kwanciya, ko a farantin da ya ratsa daɓen jirgi ya kama jiki. Irin wannan ƙarfe yana ruɓewa ne a inda iska ba ta isa gare shi, wato daidai wurin da ido ba ya gani. Kamfanoni da yawa suna so a sauya wayoyin duk bayan shekara 10, wasu su ɗaga zuwa 12 ko 15 idan ƙwararre ya duba ya sa hannu. Ka tambayi mai sayarwa rasit ɗin sauyi na ƙarshe. Idan babu rasit, ka ɗauka na 1998 ne, ka rage kuɗinsu daga ciniki.

Sabon Matuƙi: Injiniya, mai sayarwa ya ce an sauya su, sai dai ba shi da takarda. Yana da rahoton binciken jirgi na shekara huɗu da suka wuce. Zan iya miƙa wa kamfani shi?

Injiniyan Jirage: Kada ka dogara da shi. Wani aka yi wa rahoton, wanda ya rubuta shi ba shi da alhaki a kanka, kuma shekara huɗu ta isa bawul ya mutu. Ka ɗauki naka mai binciken, a fid da jirgin tudu. A ƙwanƙwasa jikin da guduma, a auna danshin faibar, a girgiza allon tuƙi a ji ko yana da wasa. Abin da ya fi komai shi ne kil, wato nauyin ƙarfe ko dalma da ke rataye a ƙasa yana hana jirgi kifewa. A ɗaga jirgin da majanyu a ga ko tsaga na buɗewa tsakanin kil da jiki, a ɗage katakon daɓe a duba notinan da haƙarƙarin da ke kewaye da su. Jirgin da ya taɓa karo da dutse, haƙarƙarin nan kan rabu da jiki ta baya ba tare da an gani ba. A watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa kil ɗinsa a tsakiyar Atlantika yana dawowa Ingila, ya kife, mutum huɗu suka rasu, kuma binciken hukuma ya nuna yiwuwar raunin da karo da ƙasa na baya suka bari. Idan injinka irin mai ƙafa ne da ta ratsa ƙasan jirgi, akwai zoben roba da ke tare ruwa, masu ƙera injin Volvo Penta suna cewa a sauya shi duk shekara 7.

Barista: Ƙari a kan rahoton nan, don mutane ba sa lura. Da zarar ka miƙa shi, kamfani yakan rubuta cewa dole a cika duk shawarwarin mai bincike cikin kwana kaza, ko kafin a mayar da jirgi ruwa. Daga nan shawara ta zama sharaɗi. Ka roƙi mai binciken ya raba su kashi biyu, na dole da na son rai, don kada gyaran fenti ya shiga layi ɗaya da bawul. Duk abin da ka gyara, ka ɗauki hoto, ka ajiye rasit, ka aika musu ta imel su amsa a rubuce.

A tsohuwar doka ta 1906, saɓa sharaɗi ɗaya yana sauke wa kamfani nauyi daga ranar, ko da saɓawar ba ta da alaƙa da asarar. Dokar 2015, wadda ta fara aiki a Agustan 2016, ta sassauta: inshora tana tsayawa ne muddin kana cikin saɓawa, ta dawo idan ka gyara, kuma ba za a hana ka haƙƙi da sharaɗin da ka nuna ba shi da tasiri a kan irin asarar da ta faru ba. Amma wannan ga takardar da ke ƙarƙashin dokar Birtaniya ne. Ka duba shafin ƙarshe ka ga dokar wace ƙasa aka zaɓa. A Amurka wani jirgi ya hau ƙasa kusa da Fort Lauderdale a 2019, kamfanin ya ƙi biya saboda ba a sabunta shaidar kayan kashe gobara a kan lokaci ba, alhali babu gobarar da ta tashi. Shari'ar, tsakanin kamfanin inshorar, Great Lakes Insurance, da masu jirgin, Raiders Retreat, ta kai Kotun Ƙoli, wadda a Fabrairun 2024 ta ce dokar da aka zaɓa a takarda ita ce abin bi in ban da a yanayi ƙalilan.

Sai fom ɗin neman inshora. A ƙarƙashin dokar Birtaniya ta 2012 ta masu sayen inshora don kansu, aikinka ka amsa tambayoyi da gaskiya da kula. Idan ka yi sakaci a amsa, za su rage biya gwargwadon kuɗin da da sun caje ka. Idan da gangan ka ɓoye, za su soke takardar su riƙe kuɗinka. Inda aka fi zamewa shi ne shekarun gogewa. Wanda ya yi kwas na sati ɗaya kada ya rubuta shekara biyar.

Tsohon Kyaftin: Barista ya yi daidai. To na sauko daga matsayina a kan jirgin wannan kuɗi, amma ina nan a kan cewa gyara ya riga inshora. Tunda Sifen za shi, ya duba iyakar ruwan da aka yarda masa. Takardun Ingila na yau da kullum sukan ce ruwan Birtaniya da Ayalan da gaɓar Turai daga Brest a Faransa zuwa kogin Elbe a Jamus. Sifen tana wajen wannan. Tsallaka mashigin Biske, da ke tsakanin Faransa da Sifen, kwana uku ne ko huɗu a jirgi mai mita 10, sai an nemi ƙari a rubuce, kuma sukan gindaya watannin bazara da adadin ƙwararru a cikin jirgi, sau da yawa mutum uku. Akwai kuma iyakar tuƙi kai kaɗai, wasu awa 18, wasu 24, wasu da rana kawai. Idan a kan tulun ɗauri na tsakiyar ruwa za ka ajiye shi maimakon cikin tasha, yawanci daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba aka yarda, bayan nan sai tudu. Mutum ya bar shi har tsakiyar Nuwamba don kuren bai samu ba, guguwa ta tsinke sarƙa, shi ke nan.

Kuma daga 2020 manyan dabbobin teku da ake kira orka suna kama allon tuƙin jirage a gaɓar Galisiya ta Sifen da Fotugal da mashigin Jibralta, har wasu jirage sun nutse. Ka tambaye su kai tsaye ko suna biya, su amsa a rubuce.

Dillaliyar Inshora: Sifen tana wajabta inshorar haƙƙin wasu, haka Italiya da Girka, kuma ana so shaidar ta kasance da harshen ƙasar. Kamfani zai ba ka fassarar idan ka nema kafin tafiya.

Bari in yi lissafin faɗuwar jigo don a ga inda kuɗi ke zubewa. A ce jigo fam 8,000, wayoyi 2,500, filafilai biyu 4,500, aiki da kuren 1,500, jimla 16,500. Tsofaffin sharuɗɗan Institute Yacht Clauses na 1985, waɗanda har yau wasu takardu a kansu aka gina su, sun ba kamfani damar cire har kashi ɗaya cikin uku a kan filafilai da rumfuna da igiyoyin ja da injin rataye (wanda ake maƙalawa a bayan jirgi), saboda sabo za a ba ka a madadin tsoho. Nan 1,500 sun tafi, ka ƙara kasonka 300, za ka karɓi 14,700. Wasu kamfanoni suna faɗaɗa cirewar ta hau kan jigo da wayoyi gwargwadon shekaru. Idan aka cire rabi a kan waɗannan biyun, wasu 5,250 sun sake tafiya. A sharuɗɗan nan kuma, filafilin da iska ta yaga yana shimfiɗe ba a biyansa sai idan karyewar jigo ko karo ne ya jawo. Injin rataye da ya suɓuce ya faɗa ruwa ba a biya. Idan sace shi aka yi, sai an nuna an kulle shi da makulli bayan maƙalarsa ta yau da kullum, don haka ka rubuta lambarsa ka ajiye. Ƙaramin kwalekwalen jirgi kuma sai an rubuta sunan uwar jirgin a jikinsa. Tsere, ko na kulob ne na ranar Asabar, yana fid da jigo da filafilai daga inshora sai ka sayi ƙari. Haka karɓar kuɗin haya ko na fasinja, domin takardar ta shaƙatawa ce kawai.

Ustaz: Assalamu alaikum. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas a ciniki, mai yawa, ta halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan tabarru'i, wato takaful. Kamfanin farko na wannan tsari a Sudan aka kafa shi a 1979. A takaful kuɗin da ka zuba gudummawa ce a asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai karɓar lada, rarar da ta saura kuma ana iya raba ta. Inda doka ko tasha ta tilasta inshorar haƙƙin wasu kuma babu takaful, malamai da yawa sun yi rangwame saboda larura. Cikakkiyar inshora ta son rai ita ce ake saɓani a kanta, ya kamata mai tambaya ya zauna da malamin da ya amince da shi ya faɗa masa halin da ake ciki dalla-dalla. Sharuɗɗan da Hajiya da Barista suka lissafa kuwa suna nan a takaful ma, asusun mahalarta ba ya biyan sakaci.

Ɗan Ikko: Allah ya saka da alheri Malam. Tambayata ga Hajiya: idan daga baya aka kawo irin wannan jirgi Legas fa? Akwai masu tuƙa su a nan, kulob ɗinsu na Lagos Yacht Club tun 1932 yake.

Dillaliyar Inshora: Takardar Ingila ba za ta bi shi can ba. Mashigin Gini, inda Legas take, yana cikin yankunan da kwamitin haɗarin yaƙi na kasuwar inshorar Landan ya lissafa, don haka ko kamfanin da ya yarda da tafiyar sai ya yi sabon farashi da sababbin sharuɗɗa. Idan jirgin zai zauna a Najeriya, ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kadarar da ke cikin ƙasa kamfani mai lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ke yi mata inshora, kuma sai an biya kuɗi kafin inshora ta fara aiki. A 2025 an sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta haɗe tsofaffin dokoki, har da ta inshorar teku, don haka a nemi dillali mai rajista ya duba takardar da sabon tsari. Akwai kamfanonin takaful kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful, a tambaye su ko suna karɓar jikin jirgi. Babban abin lura a can shi ne kuɗin da aka rubuta ƙima da shi. Jigo da wayoyi da filafilai duk daga waje ake shigo da su. Idan an daddale ƙima da naira, canji ya motsa a tsakiyar shekara, abin da za a biya yana iya kasa sayo kayan. A sake duba ƙimar duk lokacin sabuntawa, a kuma sa kuɗin dako da na kwastan a lissafi.

Barista: Saura ceto. Jan jirgi da ceton jirgi hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ja aiki ne da aka yi ciniki, ana biya da awa. Ceto kuwa, idan jirgi yana cikin haɗari wani ya fid da shi, yana da haƙƙin lada gwargwadon ƙimar abin da ya ceto da haɗarin da ya shiga, bisa yarjejeniyar duniya ta 1989, kuma yana iya riƙe jirgin har a ba shi jingina. Idan rai ba ya cikin haɗari, ka daddale farashi ta rediyo kafin ka karɓi igiya, inda wasu ke ji, ka rubuta lokaci da wuri a littafin jirgi. Kada ka sa hannu a wata takarda a kan ruwa kafin ka kira lambar gaggawa ta kamfaninka. Ka tabbatar kuma kuɗin ceto ƙari ne a kan ƙimar jirgi, ba daga cikinta za a cire ba.

Sabon Matuƙi: Allah ya ƙara ilimi. Abin da na fahimta: in kira mai bincike nawa, in sauya wayoyi tunda babu rasit, in karkata ga ta 520 idan ta amsa tambayar ɓarnar da tsufa ya haifar da ta kwashe gawar jirgi. Hajiya, yaushe ya kamata ta fara aiki?

Dillaliyar Inshora: Daga sa'ar da kuɗi suka fita daga hannunka jirgi ya zama naka, ko yana tudu bai taɓa ruwa ba. Inshorar mai sayarwa ba ta bin jirgi zuwa sabon mai shi. Ka sa su rubuta rana da sa'a, su aiko da shaida kafin ka tura kuɗin. Kana da kwana 14 na fasawa bayan takardun sun iso, ka yi amfani da su ka karanta cikakkiyar takardar, ba taƙaitaccen shafin farko ba. Idan wata rana suka ƙi biya, ka shigar da ƙorafi a rubuce, suna da sati 8 su ba da amsar ƙarshe, daga nan kana da wata 6 ka kai wa ofishin Ombudsman, mai sauraron ƙorafi a kan harkokin kuɗi, kyauta ne.

Injiniyan Jirage: Ranar da za a fid da shi tudu, ka je da kanka da waya mai caji. Ka ɗauki hoton kowane bawul bayan an kankare shi, da notinan kil, da lambar injin, da lambar jikin jirgi da ke bayansa ta dama, da ranar da ke jikin tukwanen kashe gobara da tiyon gas. Ka tura wa kanka ta imel don kwanan wata ya zauna a kai.